Alamtarwa da Tuhumar Ɓatanci: Tarken Littafin Auladu Haratina na Najib Mahfuz

1.0 Gabatarwa

A tarihin ƙagaggun labaran Larabci na zamani da wuya a sami littafin da ya jawo ce-ce-ku-ce mai tsawon rai kamar Auladu Haratina, watau "'Ya'yan Unguwarmu", na marubucin nan ɗan ƙasar Masar, Najib Mahfuz (1911-2006). An fara buga labarin kashi-kashi a jaridar Al-Ahram cikin shekarar 1959, amma bai fito a matsayin littafi daga wata maɗaba'ar Masar ba sai a ƙarshen 2006, watau bayan shekara 47. A tsakanin waɗannan shekaru an zargi littafin da yin ɓatanci ga Allah Maɗaukakin Sarki da annabawansa, an kafirta mai shi a kan mumbari da cikin kaset-kaset na wa'azi, daga baya kuma aka daɓa masa wuƙa a wuya yana tsoho ɗan shekara 82.

Mafi yawan abin da aka rubuta game da wannan rigima ya kasu gida biyu. Gida na farko shi ne na masu kare 'yancin faɗar albarkacin baki, waɗanda ke ɗaukar duk mai ƙorafi a kan littafin a matsayin wanda bai san adabi ba. Gida na biyu shi ne na masu kishin tsare alfarmar addini, waɗanda ke ganin cewa tun da an ce da ɓatanci a ciki, to magana ta ƙare. Abin da ya haɗa gidajen biyu shi ne yadda kowannensu ke hanzarin tsallake matanin ya faɗa kan hukunci.

Wannan maƙala za ta koma ga matanin kansa. Za ta dubi tarihin littafin, da zubinsa da tsarinsa, da salon alamtarwar da aka gina shi a kai, sannan ta auna tuhumar da aka yi masa da ma'aunin da Alƙali Iyal ya shimfiɗa a cikin Ashafa. Abin da take son tabbatarwa shi ne cewa tuhumar ɓatanci a kan ƙagaggen labari tuhuma ce a kan ma'ana, ma'ana kuwa ba ta tabbata sai da karatu na tsanaki. Saboda haka tarke wajibi ne ya riga hukunci, ko da a mahangar fiƙihu mafi tsanani.

2.0 Marubucin da Tarihin Littafin

An haifi Najib Mahfuz a unguwar Jamaliyya ta tsohon birnin Alƙahira a ranar 11 ga Disamba, 1911. Ya karanta falsafa a jami'ar da a yanzu ake kira Jami'ar Alƙahira, ya kammala a 1934, ya kuma yi shekaru da dama yana aiki a Ma'aikatar Waƙafi. Wannan aiki ya bar gurbi a cikin littafin, domin kuwa gaba ɗayan labarin yana juyawa ne a kan rigimar wani waƙafi da masu cin amanarsa. Bayan ya gama rubuta shahararrun littattafansa guda uku a kan rayuwar wani gida a Alƙahira, daidai lokacin juyin mulkin sojojin 1952, sai ya ajiye alƙalamin ƙagaggen labari na kimanin shekara biyar. Auladu Haratina shi ne abin da ya dawo da shi.

Jaridar Al-Ahram ta buga labarin kullum daga watan Satumba zuwa Disamba na 1959. Tun kafin a kai ƙarshe wasu malaman Azhar suka ɗaga murya suna neman a dakatar da shi, amma editan jaridar, Muhammad Hasanain Haikal, ya tsaya har aka kammala. Daga nan sai aka yi wata yarjejeniya ta fatar baki tsakanin marubucin da hukumomin gwamnatin Jamal Abdunnasir, cewa ba za a buga shi littafi a cikin Masar ba. Maɗaba'ar Darul Adab ta Bairut ce ta fitar da shi a 1967, kuma wannan bugu ne aka riƙa shigowa da shi ƙasar a ɓoye. An fassara shi zuwa Ingilishi sau biyu, a 1981 da 1996.

Ƙura ta lafa har zuwa 1988, shekarar da abubuwa biyu suka zo a jere. A watan Satumba aka fitar da The Satanic Verses na Salman Rushdie a Ingila, a watan Oktoba kuma aka ba Mahfuz kyautar Nobel ta adabi, inda masu ba da kyautar suka ambaci Auladu Haratina cikin ayyukansa. Bayan fatawar da Ayatullahi Khumaini ya yi a kan Rushdie a ranar 14 ga Fabrairu, 1989, sai aka ɗaure littattafan biyu da igiya ɗaya. An ruwaito Shaihu Umar Abdurrahman, jagoran ƙungiyar Jama'atul Islamiyya, yana cewa da an hukunta Mahfuz tun farko da Rushdie bai yi gangancin rubuta nasa ba. Shi ma mai wa'azin nan Abdulhamid Kishk ya wallafa littafi sukutum na raddi.

A ranar 14 ga Oktoba, 1994, wani matashi ya tari Mahfuz a ƙofar gidansa ya soke shi a wuya. Ya tsira da ransa, amma jijiyar hannunsa na dama ta taɓu, ta yadda rubutu ya zame masa wahala har ƙarshen rayuwarsa. Kotun soja ta yanke wa mutum biyu hukuncin kisa. Matashin ya amsa cewa bai taɓa karanta littafin ba. Mahfuz ya rasu a ranar 30 ga Agusta, 2006, bayan 'yan watanni kuma maɗaba'ar Darush Shuruƙ ta Alƙahira ta buga littafin tare da gabatarwar Ahmad Kamal Abul Majd, masanin shari'a kuma ɗaya daga cikin sanannun masu tunanin Musulunci na ƙasar.

3.0 Zubi da Tsarin Labarin

An tsara littafin cikin gajeriyar buɗewa da manyan sassa biyar, kowanne ɗauke da sunan tauraronsa: Adham, Jabal, Rifa'a, Ƙasim da Arafa. Jimillar babobinsa 114 ne.

Labarin ya fara da wani ƙasaitaccen dattijo, Jabalawi, wanda ya gina babban gida mai lambu a bakin hamada, ya kuma mallaki waƙafi mai faɗi. Ya zaɓi ƙaramin ɗansa Adham ya kula da waƙafin, sai babban ɗan, Idris, ya yi tawaye, aka kore shi. Daga baya Idris ya zuga Adham, matarsa Umaima kuma ta ƙara masa ƙaimi, ya shiga ɗakin sirri domin ya leƙa takardar da ke ɗauke da sharuɗɗa goma na waƙafin. Aka kama shi, aka fitar da shi da matarsa zuwa hamada, inda ɗansa Ƙadri ya kashe ɗan'uwansa Hammam. Daga zuriyar waɗannan korarru unguwar ta tsiro. Jabalawi ya rufe ƙofarsa ya daina fitowa, naziri mai kula da waƙafi ya handame dukiyar, ya kuma ɗauki futuwwa, watau ƙartin unguwa masu kulake, suna danne masa talakawa.

Sassa ukun tsakiya suna bin tafarki guda. Jabal ya tashi a gidan naziri alhali danginsa na cikin ƙangi, ya kashe wani ƙato ya gudu, ya koyi sarrafa macizai, ya dawo ya ƙwato wa danginsa haƙƙinsu da ƙarfi. Rifa'a ɗan kafinta ne wanda bai damu da dukiyar waƙafi ba, ya duƙufa wajen fitar da ifiritai daga zukatan mutane, har matarsa ta ci amanarsa aka kashe shi. Ƙasim maraya ne daga mafi ƙasƙancin ɓangaren unguwar, ya yi kiwo, ya auri wata bazawara mai hali, wani baran Jabalawi ya kawo masa saƙo cewa waƙafin na kowa da kowa ne, ya yi ƙaura zuwa kan dutse da mabiyansa, ya dawo da nasara ya shimfiɗa adalci. Bayan kowane ɗayansu sai al'amura su koma gidan jiya, kuma mai ba da labarin yana yawan kokawa da cewa mantuwa ce cutar unguwar.

Sashe na ƙarshe na Arafa ne, masihirci mai haɗa magunguna. Ya haƙa rami ya shiga babban gida domin ya gano sirrin takardar waƙafi, sai ya kashe wani tsohon bara cikin firgita, aka kuma wayi gari da labarin cewa Jabalawi ya mutu saboda kaɗuwa. Naziri ya gano asirin, ya tilasta wa Arafa ya riƙa haɗa masa kwalabe masu fashewa, da su ya kawar da ƙartinsa ya zama shi kaɗai ne mai iko. Arafa ya yi nadama, ya yi burin dawo da Jabalawi raye, wata baiwa kuma ta zo masa da saƙon cewa dattijon ya rasu yana mai yarda da shi. Da ya nemi tserewa sai aka binne shi da rai. Ɗan'uwansa Hanash ya ɓace, mutane na rade-radin cewa ya tsira da littafin sihirin, matasa suka shiga sulalewa suna bin sawunsa.

4.0 Alamtarwa a Matsayin Tushen Rigima

Salon da aka gina littafin a kai shi ne abin da Larabawa ke kira ramzu, wanda za mu iya kira doguwar alamtarwa, watau a shimfiɗa labari sukutum wanda taurarinsa da aukuwarsa ke nuni zuwa ga wani labarin daban. Wannan salo tsoho ne a adabin Musulmi. Da shi Ibnu Ɗufail ya rubuta Hayyu bin Yaƙzan a ƙarni na 12, da shi kuma Fariduddin Aɗɗar ya tsara Manɗiƙuɗ Ɗair. Abin da ya bambanta aikin Mahfuz shi ne cewa labarin da yake nuni gare shi ƙissoshin annabawa ne.

Tilas matarki ya faɗi gaskiya a nan: nunin a fili yake. Duk wanda ya yi karatun allo zai hangi ƙissar Annabi Adamu (A.S.) a bayan Adham, da ta Annabi Musa (A.S.) a bayan Jabal, da ta Annabi Isa (A.S.) a bayan Rifa'a, da kuma Sirar Manzon Allah (S.A.W.) a bayan Ƙasim. Sunan Idris bai yi nisa da Iblis ba, adadin babobin kuma ya zo daidai da adadin surorin Alƙur'ani mai girma. Masu kare littafin da ke cewa labarin wata unguwa ne kawai a Alƙahira suna ɓoye abin da marubucin bai ɓoye ba. Malaman da suka yi ƙorafi sun ga abin da ke nan.

Tuhumarsu ta tattaru a wurare uku. Na farko, cewa Jabalawi yana wakiltar Allah Maɗaukakin Sarki, an kuma ba shi mata da 'ya'ya da tsufa da mutuwa. Na biyu, cewa an saukar da annabawa zuwa matsayin 'yan unguwa masu zama a majalisun shaye-shaye, an kuma nuna an kashe Rifa'a, saɓanin abin da Alƙur'ani ya tabbatar game da Annabi Isa (A.S.). Na uku, cewa ƙarshen labarin yana nufin kimiyya ta kawar da addini ta gaje shi.

Tuhuma ta uku ita ce mafi rauni idan aka gwada ta da matani. Arafa bai fita da nasara ba. Iliminsa ya koma makami a hannun azzalumi, unguwar ta shiga ƙuncin da ya fi na zamanin ƙarti, shi kansa ya ƙare cikin nadama da burin raya wanda ya yi sanadin mutuwarsa. Marubucin da ke murnar cin nasarar kimiyya a kan addini ba zai yi wa gwarzonsa irin wannan ƙarshe ba. Bayanin da Mahfuz ya yi wa Abul Majd bayan harin 1994 ya dace da wannan karatu, domin ya ce abin da yake nufi shi ne ilimin da ya rabu da addini yakan rikiɗe ya zama kayan aikin sharri.

Tuhuma ta farko ta fi wuyar warwarewa. An ruwaito Mahfuz yana cewa Jabalawi yana wakiltar wata sura ce da mutane suka ƙaga wa Ubangiji a zukatansu, a wani wurin kuma ya ce addini yake wakilta. Matanin yana ba da ƙofa ga wannan fassara, tun da abin da ke tsufa ya mutu ba zai zama Rayayyen da ba ya mutuwa ba. Sai dai kuma matanin bai rufe ɗaya ƙofar ba, domin Jabalawi ne ya kori Adham daga lambu, shi ne ya yi magana da Jabal cikin duhun hamada, shi ne kuma ya aiki baransa ga Ƙasim. Alamar ba ta zauna daram a kan ma'ana ɗaya ba, tana tangaɗi tsakanin biyu.

Akwai wata dabarar tsari da masu tuhuma da masu kariya suka cika mantawa da ita. Mai ba da labarin wani magatakarda ne da ke rubuta wa talakawa takardun koke, ya kuma bayyana tun a buɗewa cewa zamanin Arafa kaɗai ya gani da idonsa. Sauran duk ya tsinto ne daga bakin mawaƙan gidajen gahawa masu goge, waɗanda labarin ya nuna suna lanƙwasa tarihi domin su faranta wa naziri da ƙartinsa. Ke nan abin da ke gabanmu shi ne yadda unguwar ke tuna magabatanta, da yadda masu iko ke cin abinci da sunayensu alhali suna take koyarwarsu. Wannan ya ƙarfafa karatun siyasa na littafin, wanda Mahfuz da kansa ya yi nuni gare shi daga baya, cewa yana tambayar jagororin juyin 1952 ne ko tafarkin annabawa za su bi ko na ƙarti.

Ta fuskar fasaha, inda littafin ya fi jawo fushi nan ne kuma ya fi rauni. A sassan Jabal da Rifa'a da Ƙasim marubucin ya ɗaure kansa da bin ƙissoshin taki-taki, har mai karatu ya koma yana wasan gano wane ne wane, yana sane da abin da zai faru kafin ya faru. Taurarin sun rasa irin ran da ke jikin mutanen sauran littattafansa. A sashen Arafa, inda babu wata ƙissa da yake bi, nan ne alƙalaminsa ya saki jiki. Da ya sassauta kamannin, da ya sami labari mafi ƙarfi, da kuma tuhuma ta biyu ba ta sami wurin kamawa ba. Wannan tuhuma tana da tushe, domin Musulmi ba ya jin daɗin ganin ko da inuwar Annabinsa a cikin ƙurar lungu, kuma kyakkyawar niyyar marubuci ba ta goge wannan raɗaɗi.

5.0 Ma'aunin Alƙali Iyal

Littafin Ashafa na Alƙali Iyal, malamin Malikiyya da ya rasu a Marrakish a 1149, sananne ne a zaurukan malamanmu da masallatanmu, kuma ba a san shi da sassauci a kan alfarmar Manzon Allah (S.A.W.) ba. Dalilin da ya sa ya dace a waiwaye shi ke nan. A kashi na huɗu na littafin, inda ya yi bayanin hukuncin wanda ya taɓa wannan alfarma, bai dunƙule maganganu wuri guda ba. Ya rarraba su fuska bakwai.

Fuskoki ukun farko sun shafi magana bayyananniya: zagi da gangan, da mummunan lafazi ƙarara ko da mai shi ya ce bai yi nufi ba, da kuma ƙaryatawa. A nan hukuncinsa mai tsanani ne. Fuska ta huɗu ita ce maganar da ke ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya, ya kuma nuna cewa malamai sun saɓa a kanta, wasu sun tsananta, wasu sun kare jini saboda shubuha. Ta biyar ita ce wanda bai nufi aibatawa ba, amma ya ɗauki wani hali na annabawa ya buga misali da shi ga kansa ko ga wani. A nan ya kawo baitocin mawaƙa irin su Mutanabbi da Ma'arri ya soke su, ya ce abin da ya dace da irin wannan shi ne ladabtarwa gwargwadon munin lafazin, da yanayin da aka faɗe shi, da ko mai shi ya saba, da kuma ko ya yi nadama. Ta shida ita ce mai hakaito maganar wani, wadda hukuncinta ke sauyawa daga wajibi har zuwa haram bisa manufar hakaitowar. Ta bakwai ita ce ambaton abin da ya halatta ga annabawa na ɗabi'ar ɗan Adam a fagen ilimi.

Wannan maƙala ba fatawa ba ce, kuma ajiye Auladu Haratina a ɗaya daga cikin waɗannan fuskoki aikin malaman fiƙihu ne. Abin da ya shafi manazarcin adabi shi ne irin tambayoyin da rabe-raben ke tilastawa. Me lafazin ya ce? Wa ya faɗe shi a cikin labarin? Ma'ana nawa yake ɗauka? Aibatawa aka nufa ko buga misali? Waɗannan su ne ainihin tambayoyin tarke, kuma ba mai iya amsa su sai wanda ya karanta. A cikin littafin Mahfuz ba a ambaci sunan wani annabi ba, taurarin ukun kuma an zana su ne a matsayin masu ceton talakawa daga zalunci. Mai yiwuwa ne malami ya karanta ya ga ya cancanci zargi ta fuskar buga misali, kamar yadda Alƙali Iyal ya zargi mawaƙan da suka gabata. Amma tazarar da ke tsakanin wannan da fuska ta farko tazara ce ta rai da mutuwa. Har ila yau, duk waɗannan hukunce-hukunce alƙali ake wa bayaninsu, mai zama ya saurari shaidu ya tambayi wanda ake tuhuma. Ba a taɓa gurfanar da Mahfuz gaban wata kotu aka same shi da laifin ɓatanci ba.

6.0 'Yancin Faɗar Albarkacin Baki da Matsayin Mahfuz

Sashe na 19 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa ya tabbatar da 'yancin faɗar albarkacin baki, ya kuma yarda a taƙaita shi ta hanyar doka domin kare haƙƙin wasu, ko zaman lafiya, ko tarbiyyar jama'a. A 2011 kwamitin da ke fassara yarjejeniyar ya bayyana cewa dokokin haramta ɓatanci ba su dace da ita ba, sai inda magana ta kai ga tunzura ƙiyayya. Ƙasashen Musulmi da yawa ba su karɓi wannan fahimta ba. Saɓanin na gaske ne, kuma ba a ga alamar ƙarewarsa ba.

Matsayin da Mahfuz ya ɗauka bai yi daidai da na kowane ɓangare ba. Game da Rushdie, ya yi tir da fatawar kisa, ya ce Khumaini ba shi da hurumin yanke ta, amma kuma ya bayyana cewa yana ganin cin mutunci a cikin littafin, ya bambanta 'yancin tunani da zagi. Game da nasa littafin, ya riƙe alkawarin 1959 har ya mutu. Ya ƙi yarda a buga shi a Masar sai da amincewar Azhar da kuma gabatarwar wani masani mai kishin Musulunci. Ko lokacin da jaridar Al-Ahali ta buga labarin gaba ɗaya bayan harin 1994 domin nuna masa goyon baya, bai ji daɗi ba, tun da ba da izininsa aka yi ba. Shaihu Muhammad al-Gazali, wanda yana cikin masu sukar littafin tun farko, ya je asibiti ya duba shi, ya yi Allah wadai da harin ba tare da ya janye sukarsa ba. Wannan ziyara ta nuna cewa ana iya ƙin littafi a kuma tsare jinin mai shi.

Wasu marubutan Masar sun zargi Mahfuz da miƙa wa malamai ikon tace adabi. Zargin yana da nauyi, musamman da yake shi kansa ya taɓa riƙe muƙamin shugaban tace finafinai. Ana iya fahimtar matsayinsa a matsayin na mutumin da ya zaɓi ya ci gaba da zama cikin jama'arsa, yana tafiya a ƙasa zuwa gidan gahawa ba tare da masu gadi ba. Duk da haka, tarihin ya nuna cewa hanawar ba ta kare kowa ba. Ta bar matanin a hannun 'yan ƙalilan masu samun bugun Bairut, ta bar sauran jama'a da taƙaitawar da ake yi a kaset. Littafin da aka hana karantawa bai daina yawo ba, sai dai ya riƙa yawo a bakin waɗanda suka fi ƙinsa, cikin jimla biyu ko uku. Da waɗannan jimloli matashin 1994 ya ɗauki wuƙa. Haka kuma wanda ya soki Rushdie a jihar New York ta Amurka a watan Agustan 2022 ya ce shafuka biyu kacal ya karanta.

7.0 Kammalawa

An ga cewa Auladu Haratina doguwar alamtarwa ce da ta jingina da ƙissoshin annabawa a fili, cewa jigonsa shi ne neman adalci da yadda masu iko ke sace gadon masu gyara, cewa tuhumar fifita kimiyya a kan addini ba ta tsaya a gaban matani ba, alhali tuhumar rashin ladabi wajen kamantawa tana da abin kamawa, kuma a nan ne ma fasahar littafin ta yi rauni. An kuma ga cewa ma'aunin Alƙali Iyal, duk da tsananinsa, yana neman a tantance lafazi da mai faɗa da manufa kafin a yi hukunci.

Darasin da ke nan ga manazarta harsunanmu shi ne cewa tarke yana da aiki a cikin irin wannan rigima, aikin kuma na tsare rai ne da tsare alfarma gaba ɗaya. Adabin Hausa ya daɗe da sanin bambancin yi wa malami dariya da taɓa addini, kamar yadda Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja ya nuna tun 1934, kuma mai habaici da mai zambo ba hukuncinsu ɗaya ba a wurin Bahaushe. Wajibi ne mu horar da ɗalibai su iya rarrabe muryar marubuci da ta tauraro, su san alama da abin da take nuni gare shi, su kuma iya faɗa wa marubuci inda ya ƙetare iyaka da hujja daga shafin littafinsa. Idan matarka suka yi shiru, masu taƙaitawa ne za su karanta wa jama'a.